Moɗar Luvenia

Duk wanda ya yi firamare a Cane Bottom ya ci waken Mis Ozella Pickens, ya kuma sha faɗanta. Shekara talatin da huɗu ta yi a bakin murhun makarantar nan. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kullum da ludayi a hannu, da shi take zuba abinci, da shi take nuna yaron da ya zagayo zai shiga layi karo na biyu. Ba ta taɓa kwana a wajen Mississippi ba. Amma sunanta yana bayan wani faifai da masu tara tsofaffin waƙoƙi ke nema ruwa a jallo, an rubuta shi da ƙananan haruffa can ƙasa, kusa da sunan mai ɗaukar hoto.

Abin da yara suka fi yi mata dariya a kai a bayan idonta shi ne ba ta shan ruwa da moɗa ko kofi. Wata tsohuwar kwalbar zuma take sha da ita, a gida da wurin aiki, har a walimar coci. Wasu suka ce rowa ce, wasu suka ce tsabta ce ta yi mata yawa. Duk ba su san dawan garin ba.

Su biyu kakarsu Mama Tempie ta rena, ita da yayarta Luvenia, shekara biyu tsakaninsu. Cocinmu a lokacin na katako ne, babu fiyano, littafin waƙa kuwa ɗaya ne tak, shi ma rabin shafukansa sun tafi. Saboda haka mutum ɗaya ne ke jefo baiti, jama'a su karɓa su ja shi a hankali, kowa da inda yake lanƙwasa nasa. Tun tana 'yar shekara goma sha huɗu Luvenia ce ke jefowa. Muryarta cikakkiya ce, mai laima, in ta ɗaga sai ka ji katakon da kake zaune a kai yana amsawa. Ozella kuma ta shigo daga ƙasa ta tallafe ta. Luvenia a hagu, Ozella a dama, haka suke tsayawa, ko a hoto ba ka ganinsu a juye.

Luvenia doguwa ce, ga tsokana. Ba ta taɓa kiran ƙanwar da sunanta ba, sai Guntuwa. Ta yi aure, mijin ya tafi Detroit neman aiki, aikin ya riƙe shi har abada, ta dawo gida. Ozella kuwa ta ce ta ga abin da aure ya yi wa yayarta, ya ishe ta kallo. Suka zauna a gidan kakarsu, suna faɗa a kan gishirin miya, suna waƙa a bakin wanke-wanke.

Mama Tempie ta bar musu moɗa biyu na ƙarfe, shuɗaye, iri ɗaya, waɗanda ta saya wurin mai motar talla. Bambancinsu ɗaya, fentin ta Luvenia ya ɗan ɓalle a gindin hannu. Tun zamanin da ake ware mana famfon shan ruwa a bayan kanti, Luvenia ta rantse ba za ta kafa baki a famfon da aka rubuta wa launin fatarta ba. Sai ta riƙa yawo da moɗarta a jaka, da gorar ruwan ɗumi mai zuma. An cire allunan nan daga baya, ita ba ta cire moɗar daga jaka ba.

A damina ta 1971 Arzell Maddox ya dawo gari. Ɗan Cane Bottom ne, a bayan Luvenia ya koyi buɗe baki, sannan ya tafi birni ya sa kwat mai ƙyalli, ya yi 'yan faya-fayai na rawa da ba su kai shi ko'ina ba. Yanzu ya doshi arba'in, tumbi ya fara fitowa, ya ce yana son yin babban faifai guda wanda zai haɗa komai: salon kiɗan birni da ake kira sol, da tsofaffin waƙoƙin mutanen gona, da bulus, waƙar kukan zuci irin ta barandar gida. Kuma ba ya son 'yan matan amshi na birni. Muryoyin da ya tashi yana ji yake so, na Luvenia da Ozella, su zo situdiyo a Memphis.

Mutanen coci suka tsuke fuska. A wurinmu akwai waƙar Ubangiji akwai waƙar Shaiɗan, kuma bulus ba ta Ubangiji ba ce, ko da kuwa rabin masu faɗin haka sun taka rawarta ranar Asabar. Ozella ta ce ba da ita ba. Luvenia ta yi dariya ta ce Shaiɗan ya san hanyar coci tun kafin a haifi Arzell, ba sai an kai masa ziyara Memphis ba. Da ta ga Guntuwa ta kafe, sai ta ce to ita za ta je, ta jefa baiti ya faɗi ƙasa ba mai cafewa, kowa ya ji kunya. Ranar Asabar Ozella ce ta fara shiga mota, da kwanon soyayyiyar tarwaɗa da gurasar masara a cinya.

Situdiyon tsohon kantin kujeru ne, an lulluɓe bangonsa da buhuna da katifu. Mai wurin wani siririn Bature ne, Mista Dunavant, wanda yake zama bayan gilashi da taba a baki yana murɗa maɓallai. Asabar uku suka yi suna zuwa, daga hantsi zuwa la'asar. A ta ukun Luvenia ta ce kanta yana sara mata. Ta kurɓi ruwan zumarta, ta ɗora moɗar a kan fiyano, ta ƙarasa waƙar. Suka fito a gurguje don Arzell yana da tafiya St. Louis. Ranar Talata da rana tsaka ta faɗi a tsakiyar kuɓewarta a bayan gida. Kafin a samo likita ta cika.

Aka yi abin da ake yi. Aka tsayar da agogo, aka rufe madubi da zane. Saura kayan kabari. Mu in mutum ya mutu, abin da ya saba amfani da shi a ƙarshe, kwalbar maganinsa, fitilarsa, musamman abin shan ruwansa, a kan kabarinsa ake ajiyewa. A huda gindin da ƙusa, don ya fita daga hannun masu rai ya zama nasa can. In ba a yi ba, mamaci ba ya kwanciya, zai yi ta dawowa nema. Ba a rubuta wannan a Littafi Mai Tsarki ba, fastoci ma kau da kai suke yi, amma je ka makabartarmu ka gani.

Ranar Juma'a da yamma Ozella ta zazzage jakar yayarta a kan gado. Ga gorar ruwa, ga hankici, ga alewar minti. Babu moɗa. Nan take ta gan ta a idon zuciyarta, zaune a kan fiyano, kusa da tokar taba da kwalaben giya. Mil saba'in ne zuwa Memphis, ba mota, Arzell ba ya nan, jana'iza kuwa gobe da safe. Ga falo cike da matan coci, ga Inna Idella Boykin, uwar coci, tsohuwar da ta wanke gawar rabin garin, ta leƙo tana tambaya a kawo moɗar marigayiya.

Da ta faɗi gaskiya, da an jira, ko a kai moɗar daga baya, ba a kanta aka fara ba. Amma yaya za ta buɗe baki a gaban matan nan ta ce moɗar Luvenia Pickens, mai jefa baiti shekara talatin, tana gidan bulus? Su da suke jira su ce ai mun faɗa. Kunya ta rufe ta. Ta shiga kicin, ta sauko da tata moɗar daga kantar kwanuka, ta kawo. Inna Idella ta juya ta a hannu, ta dubi Ozella, ta ajiye ta cikin kayan kabari. Washegari Ozella da hannunta ta kafa ƙusa ta buga, ta kife moɗar a kan jar ƙasa.

Bayan sati uku Arzell ya zo da hularsa a hannu. Ya yi sabuwar waƙa don Luvenia, yana so ta zama ta ƙarshe a faifan: shi da jita, sai Ozella ita kaɗai tana amsawa. Ta yarda da sauri har ya yi mamaki. Ita moɗa za ta ɗauko.

Tana nan inda aka bar ta, mai fiyano ya cika ta da fensira. Ozella ta zubar da fensiran, ta goge ta da gefen riga, ta ajiye a kujera kusa da jakarta, ta tsaya gaban makirfo. Wajen sha biyun rana ne, ɗakin kamar tanda, don an kashe fanka saboda ƙara. Arzell ya fara. Da ta buɗe baki za ta amsa, sai hannunta na hagu ya yi sanyi, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, daidai inda hannun Luvenia yake gogarta in sun matsu a coci. Ba ta waiga ba. Ta rufe ido ta kai waƙar ƙarshe.

Mista Dunavant ya mayar da tef ɗin suka saurara. Yana ta yamutsa fuska. Akwai wata murya a saman ta Ozella, siririya, tana shiga gabanta kaɗan, kamar mai jefo mata baiti. Ya ce inuwa ce, wataƙila tsohon tef ne da bai gogu da kyau ba, zai gyara. Mai fiyano ya tambaya yaya tsohon tef zai san waƙar da aka yi shekaranjiya.  Arzell ya ce a bar ta yadda take.

Ozella ta koma gida da moɗar a jaka. Makabarta tana bayan coci, tafiyar minti goma daga ƙofarta. Ta ce gobe. Da yamma tana wanke kwano ɗaya da cokali ɗaya, gidan shiru kamar an share shi, sai ta ɗan ja wata tsohuwar waƙa a maƙogwaro. Hannun hagu ya yi sanyi. Wani abu ya shigo daga sama, can ƙasa-ƙasa, ya bi ta. Ta tsaya, ya tsaya. Ta ci gaba, ya ci gaba.

Ba za a ɓoye ba, daɗi ta ji. Tsoro ya zo, amma daɗin ya fi shi ƙarfi. Shekara arba'in da biyu ba ta taɓa waƙa ita kaɗai ba, ba ta ma san yadda ake yi ba. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama bayan Kirsimeti. Ta ɗora moɗar a kan kantar kicin, kullum da safe ta cika ta da ruwan ɗumi da zuma, ta ce wa ranta ai ga shi tana ba ta. Da yamma ta tarar da ita cike kamar yadda ta bari, ko ƙuda bai taɓa ba, ta zubar. A coci aka ba ta jefa baiti ta ƙi, ta ce muryarta ba ta sama ba ce. A gida kuwa waƙa take kamar wadda aka biya. Maƙwabta da ke wucewa da rana sukan ɗan rage tafiya, sannan su ƙara sauri.

Faifan ya fito a watan Afrilu, Arzell ya sa masa suna Rijiyar Gida. Ya aiko mata da guda, da ƙaramin garmaho, sannan ya riƙa aiko da guntayen jaridu a ambulan. Ozella ba ta son karatu da ƙananan haruffa, sai Malama Corinne Tate ta 'yan aji biyar take karanta mata a kicin lokacin tara.

Kai, masu sharhin nan. Mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba, su ne za su gaya maka yadda waƙar gona ya kamata ta kasance. Na Chicago ya ce faifan jemage ne, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba, Arzell ya zaɓi ɗaya, ko coci ko mashaya. Wani ya ce waƙoƙin suna tafiya kamar alfadari a laka. Gidajen rediyo suka ce ba a rawa da shi. Fastonmu ma ya yi nasa sharhin daga kan mumbari ba tare da ya saurara ba. Wata mujalla daga California ta ba shi tauraro huɗu, ta yaba wa “matan nan biyu” na waƙar ƙarshe. Malama Corinne ta ɗago ta dubi Ozella ta saman tabarau, ta tambaya ashe da Luvenia aka yi ta ƙarshen. Ozella ta ce wake zai ƙone.

A ƙarshen Yuli aka aiko da doguwa, shafi guda cur, daga New York. Wani Victor Abelman ne ya rubuta. An rufe makaranta, don haka Malama Corinne ta kawo mata har baranda. Ya ce faifan nan shi ne mafi gaskiya da ya ji cikin shekara goma, ya bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zo kan ta ƙarshe. Ya ce mai muryar ƙasa kamar ƙasa take, mai ɗaukar kaya. Amma ta sama, wadda ba a sa sunanta ba, bai taɓa jin irinta ba: busasshiyar murya, a tsattsage, kamar ta macen da ta yi kwana da kwanaki tana roƙon ruwa a ƙofar gidansu ba a ba ta ba. Ya ce wannan ita ce ƙwarewa, yana so ya san inda ta koyi yin haka da maƙogwaronta.

Malama Corinne ta ce wannan fa yabo ne. Ozella ta ce ta ji.

Da baƙuwar ta tafi ta ɗora faifan. Sau nawa ta saurare shi, amma kullum da kunnen mai kewa take ji, ita dai ga Yaya. Ran nan ta saurara da kunnen Baturen da bai san su ba. Muryar Luvenia da take cika coci, mai laimar nan, babu ita. Wannan kamar ana jan kara a kan busasshiyar ƙasa. Kuma ta tuna, wadda take ji a kicin a 'yan kwanakin nan ta fi ta faifan bushewa. Wata goma sha ɗaya ke nan da ɗauko moɗar. Ta dubi moɗar a kan kantar kicin, cike fal da ruwan da mai shi ba ta da ikon taɓawa.

Kwana biyu bayan haka Arzell ya iso a sabuwar mota, bakinsa har kunne. Saboda rubutun New York, kamfani yana son faifai na biyu, kuma sun ce lallai da muryoyin nan biyu. Ya zauna a baranda ya ci dankalin da ta gasa, yana ta zuba, har ya zo inda zai zo. Ya ce ya gwada da wasu mata a ɗakin nan, da tef iri ɗaya, inuwar ba ta fito ba. Ya goge hannu a wando, bai dube ta ba.

“Mis Ozella, in za ki zo, ki taho da moɗar.”

Ozella ta ce: “Ashe ka sani.”

“Kakata ma a bayan cocin nan take kwance. Na san abin da na gani a kan fiyano.”

“Ka sani, ka zo ka ce a kai ta Memphis ta yi maka aiki da ƙishirwa.”

Ya ce ba haka yake nufi ba. Ya ce duniya ce yanzu take jin Luvenia, wadda da ba wanda ya san ta sai mutum sittin a cocin katako, kuma shi wannan ce damarsa ta ƙarshe, ta san shekarunsa. Ozella ba ta zage shi ba. Da wane bakin? Shi faifai yake so, ita abokiyar wanke-wanke, duk kanwar ja ce. Ta karɓe farantin daga hannunsa, ta ce ya gaida mutanen birni.

Daga nan gidan Inna Idella ta nufa. Ta tarar da ita tana ɓarar wake a inuwa. Ta durƙusa ta faɗi komai, tun daga fiyano har ruwan zuma. Tsohuwar ba ta daina ɓara ba. Ta ce ai ta sani tun ranar, moɗar Luvenia tana da tabo a gindin hannu, ta wanke ta a walimar coci ya fi sau ɗari. Ozella ta tambaya me ya sa ba ta yi magana ba.

“Na ga mace ta miƙo moɗarta da kanta, na ce ko so take ta bi 'yar'uwarta. Ba a shiga tsakanin 'yan'uwa.”

 Ozella ta tambaya ko in ta kai ta gaskiyar za ta iya ɗauko tata. Inna Idella ta ce abin da aka bai wa kabari ba a karɓowa, ta riga ta kama wuri. Ozella ta tambaya ko hakan na nufin za a kira ta lahira ita ma. Tsohuwar ta watsa ɓawon wake wa kaji.

“Ina zan sani, 'yar nan? Tunda aka kafa garin nan ba a taɓa yin wauta irin taki ba.”

Washegari da rana tsaka ta tafi, da bokitin ruwan rijiya, da guduma da ƙusa a aljihun riga. Zafin Agusta ya kwantar da komai, ko kare babu a hanya. Ƙwarin bishiya da ke ƙara tun safe suka yi tsit da ta tura ƙofar makabarta. Tata moɗar tana nan a kife, rana ta cinye shuɗin. Hannunta na hagu ya yi sanyi har yatsu.

Ta ɗebo ruwa da moɗar Luvenia ta zuba a wajen kai. Ƙasar ta shanye nan take, ko danshi bai nuna ba. Ta sake, ta sake, sai da bokitin ya kusa ƙarewa sannan wurin ya yi duhu ya riƙe ruwa. Ta kife moɗar, ta ɗora ƙusa. Nan ta tsaya. Ta san abin da za ta rasa, kuma ba ta so, ko kaɗan ba ta so. Ta ce bari su yi ɗaya ta ƙarshe, har ta ja numfashi za ta fara. Sai ta rufe bakinta, don ta san in ta fara za ta sake cewa gobe.

“Yi haƙuri, Yaya,” ta ce. “Guntuwa ce ta riƙe ki.”

Bugu biyu ƙusar ta shige. Ta jera moɗar kusa da tata. Ƙwarin suka ci gaba da ƙararsu, zufa ta karyo mata a hannun hagu kamar na dama.

Da ta koma gida ta ɗora faifan, ta kai allura kan waƙar ƙarshe. Ga jitar Arzell, ga muryarsa, ga wata mace tana amsawa daga ƙasa ita kaɗai, da fili a samanta inda ba kowa. Ta zauna a ƙasan kicin ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Da ƙishirwa ta kama ta, ta duba kantar kicin babu moɗa ko ɗaya, sai kwalbar zumar da ta ƙare. Ta ɗauraye ta sha.

Ba a kira ta ba a shekarar, ba a kira ta ba a ta gaba. Ta koma bakin murhu. A coci ta karɓi jefa baiti, da muryarta ta ƙasa, ba daɗi kamar da, amma ana cafewa. Arzell ya yi faifai na biyu da 'yan matan birni, ba wanda ya tanka masa, ya ƙare yana waƙa a otal-otal. Rijiyar Gida ya ɓace daga kantuna. Bayan shekaru sababbin masu sharhi suka tono shi suka ce gwal ne, suka kuma yi ta yi wa na farko dariya: wai mata biyu, alhali kowa ya saurara ya san ɗaya ce, ga sunanta ma a baya.

Shekara ashirin da biyar bayan haka, wata ranar Laraba da hantsi, motar haya ta tsaya a ƙofarta. Wani tsohon Bature ya fito da sanda, da faifai a hammata. Ya ce sunansa Victor Abelman. Za a sake buga faifan, an ce ya rubuta 'yan kalmomi, amma ba wannan ya kawo shi ba. Ta ba shi kujera a kicin. Ya ce wata huɗu ya yi yana sauraron waƙar nan kullum kafin ya yi rubutunsa. Wata rana cikin Agusta ya fita cin abincin rana, ya dawo ya ɗora, babu muryar. Ya sayi wani faifan, babu. Ya je wurin likitan kunne. Abokan aikinsa sun mayar da shi abin ba'a, har shi ma ya fara yarda cewa shi ya ƙirƙiro ta.  Ya ce shi ba ya son komai, ta gaya masa kawai ko ya ji ko bai ji ba.

Ozella ta zuba masa ruwan sanyi a kofin gilashi, ta zuba nata a kwalba, ta zauna.

“Ka ji,” ta ce. “Kai kaɗai ma ka ji da kyau. Ni da nake gida ɗaya da ita sai da ka gaya mini.”

Tsohon ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya tambaya a hankali, to ina ta tafi.

“Ta sha ruwa ta kwanta.”

Ya so ta ƙara bayani, ta ce ya sha nasa kafin ya yi ɗumi, kuma in zai rubuta, ya rubuta Luvenia Pickens, da manyan haruffa.

Ta rasu bayan shekara shida, a gadonta, da safe. Matan coci suka zo, aka tsayar da agogo, aka rufe madubi. Wata ta ɗauko kwalbar zuma tana tambaya yaya ake huda gilashi. Malama Corinne, wadda aka bar wa wasiyya, ta ce a mayar da ita kantar kicin. Mis Ozella ta ce kada kowa ya wahalar da kansa, tata moɗar ta riga ta zuwa da shekara talatin da biyu. Muka haƙa mata a dama, muka matsar da moɗarta taku ɗaya zuwa kan kabarinta.